In Kin Je Kallon Manyan Kantunan Birni

  

Yau ina so mu tattauna a kan wata ziyara da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, mu matan Birnin Kebbi da Argungu da kewaye. A da, in mace ta je biki Kano ko Kaduna, abin da za a tambaye ta in ta dawo shi ne, kin shiga Kantin Kwari? Kin ga Kasuwar Kurmi? Yanzu kuwa tambayar ta sake. Sai ki ji ana cewa, an kai ki mol? Wato rukunin kantunan nan na zamani, inda ake tara kantuna masu yawa a ƙarƙashin rufi guda, ga sanyi kamar lokacin hunturu, ga fitilu ko da rana tsaka, ga daɓe yana ƙyalli har kina ganin fuskarki. Wadda ba a kai ta ba sai ta ji kamar tafiyarta ba ta cika ba.

To, ni ban ce kada ki je ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma gani ya kori ji. Abin da nake so shi ne ki shiga da mutuncinki ki fito da shi, ki kuma fito da kuɗin motarki.

Abin da ya sami Gwaggo

Bari in fara da labarin wata gwaggona, mutuniyar Argungu, wadda ta yarda in ba ku labarinta muddin ban faɗi sunanta ba. Mun je bikin ɗiyar wani ɗan uwanmu a Abuja, muka bi ta Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, muka isa a gajiye. Gwaggo ta ɗauki adashinta ana saura mako guda mu tashi, kuma niyyarta ta sayo wa autarta 'yan kwanuka da zannuwan gado, don an sa ranar aurenta bayan girbi. Kashegarin ɗaurin aure sai yaran gidan suka ce za su kai baƙi su ga gari, aka zuba mu a mota sai wani katafaren kanti.

A bakin ƙofa aka miƙo wa Gwaggo keken zuba kaya. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, wannan kuma na mene ne?" Na ce, "Gwaggo, a ciki ake sa abin da aka zaɓa." Shi ke nan fa. Ta ga babu mai tsare ta, babu mai cewa nawa za ki saya, sai ta yi ta ɗauka. Ga alewar jikoki, ga man shafawa mai ƙamshi, ga wasu kofuna masu ruwan zinariya, ga ɗan buhun shinkafa mai kyan leda, wai ta kai wa Malam ya ɗanɗana irin ta birni. Da muka iso wurin biya, yarinyar da ke kan na'ura ta gama lissafi ta faɗi jimla, sai na ga Gwaggo ta kwance bakin zane, ta ƙirga, ta sāke ƙirgawa. Kuɗi bai kai ba. Ta ce da yarinyar, "Yarinya, ba ragi?" Yarinyar ta ce, cikin ladabi, "Mama, nan ba a ragi." Mutane sun yi layi a bayanmu, kowa ya zuba ido. Haka aka riƙa cire kaya ɗaya bayan ɗaya har lissafi ya daidaita da abin da ke hannunta, ita kuwa kunya ta hana ta cewa a cire duka. Ta fito babu ko sisi, babu kwano, babu zanen gado, kuɗin motar komawa ma sai da aka ranta mata.

Da muka koma masauki wata 'yar makaranta ta ɗauki buhun shinkafar nan tana karanta ƙananan rubutun da ke bayansa, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Kaka, ai wannan a Argungu aka casa ta!" Gwaggo ta yi shiru, can ta ce, "To, mu koma gida tare, ni da 'yar garinmu." Mun yi dariya a ranar, amma watanni uku ta yi tana biyan bashi, kuma sai da ta sayar da tunkiyarta kafin a haɗa kayan ɗakin yarinyar.

Ke baƙuwa ce, kuma babu kunya a baƙunci

Abin da ya ci Gwaggo, a ganina, kunya ce: tsoron kada a ce baƙauya ce. To, 'yar uwa, ki tuna da abin da muke gani a ƙofar gidanmu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. In lokacinsa ya zo, baƙi kan cika gari, daga Legas, daga Nijar, har da Turawa. Sukan tsaya a bakin Matan Fada baki buɗe suna kallon masunta sun ruga cikin ruwa da homa da gora. Sukan tambayi sunan kifin da ɗan shekara biyar a garinmu ya sani. Sukan shiga gidan tarihi na Kanta su yi ta zagaye, su fito ba su sayi kome ba sai 'yar ƙwarya guda. Kin taɓa jin an ce musu ƙauyawa? Baƙi ake ce musu, a ba su wurin zama.

Haka ke ma in kin shiga kantin birni. Kallo ba a biyansa. Kina da iko ki zagaya tun daga wannan ƙofa har waccan, ki duba, ki tambaya, ki fita hannu biyu, babu mai ce miki don me. Da yawa daga cikin 'yan birnin da kike gani suna yawo a ciki ma shan sanyi kawai ya kawo su.

Daga ina abin ya samo asali?

Iyayenmu sun san kantunan Kingsway da Leventis da UTC a manyan garuruwa, inda ake rubuta kuɗin kaya a jikinsu. Amma tara kantuna da gidajen abinci da wurin wasan yara a gini guda rufaffe, daga Amurka ya fito. Wani mai zanen gine-gine ɗan asalin ƙasar Ostiriya, Victor Gruen, shi ya tsara na farko irinsa, aka buɗe shi a 1956 a jihar Minnesota, ƙasa mai tsananin sanyi, don mutane su yi sayayya ba tare da dusar ƙanƙara ta dame su ba. A Nijeriya an buɗe The Palms a Legas a 2005. A Kano an buɗe Ado Bayero Mall a kan titin gidan zu a 2014, shekarar da mai sunan, Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, ya rasu. A Abuja kuma an buɗe Jabi Lake Mall a bakin tafkin Jabi a 2015. Na Dubai, wanda 'yan kasuwarmu mata ke ba da labarinsa, an buɗe shi a 2008, kuma kantunan cikinsa sun haura 1,000.

Su ma waɗannan wurare suna da nasu hawa da sauka kamar kowace kasuwa. Kantin Shoprite, wanda sunansa ya bi bakin mutane har wasu ke kiran ginin Kano duka da shi, ya rufe reshensa na can a watan Janairun 2024. Saboda haka kafin ki sa a ɗauke ki zuwa wani kanti da kika ji labarinsa shekarun baya, ki tambayi masu masaukinki ko yana nan. Da ɗan gari akan ci gari.

Dabarun masu kanti

Ya kamata ki sani cewa babu abin da aka ajiye a wurin nan da ka. Masu kanti 'yan kasuwa ne, halal suke nema, amma sun yi nazarin halin ɗan Adam sosai.

Ɗauki keken nan da aka miƙo wa Gwaggo. Wani mai kanti a Amurka, Sylvan Goldman, shi ya fito da shi a 1937, domin ya lura mata kan daina sayayya da zarar kwando ya yi wa hannunsu nauyi. Da fari mutane sun ƙi shi, har sai da ya yi hayar maza da mata suna tura shi a cikin kanti kamar masu sayayya, sannan sauran suka kwaikwaya. Kin ga ke nan an yi keken ne don kada nauyi ya tuna miki cewa kin ɗauka da yawa. In abu biyu ko uku za ki saya, ɗauki ƙaramin kwando, ko ki riƙe a hannu.

Sa'an nan ki lura, da wuya ki ga taga ko agogon bango a ciki. Hasken ƙarfe goma na safe shi ne hasken la'asar. Mace sai ta shiga da niyyar rabin sa'a ta fito ta tarar rana ta yi sanyi, azahar ta wuce ta. Abubuwan da kowa ke bukata sau da yawa can ƙurya ake kai su, don ki ratsa ta gaban waɗanda ba ki bukata. Kaya masu tsada ana jera su daidai idonki, masu sauƙi kuwa sai kin sunkuya ko kin ɗaga kai. Alewa da cakulan suna dab da wurin biya, daidai tsawon yaro, a lokacin da kin gaji ba ki da ƙarfin hana shi.

Akwai kuma dabarar rubuta kuɗi. In kin ga an rubuta naira 4,999, idonki zai kama huɗu, alhali dubu biyar ce babu naira ɗaya. In kin ga an rubuta da jan fenti cewa an yi rangwame, ko sayi biyu a ba ki ɗaya, tambayi kanki ko da ma kina bukatar ko da guda ɗaya. Sanyin da kike sha, da fitilu, da masu gadi, da kuɗin hayar kanti, duk suna cikin kuɗin da aka rubuta a jikin kofin nan. Ban da wannan akwai harajin kaya na gwamnati, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020, za ki kuma gan shi a ƙasan rasit ɗinki a kan kayan da ya shafa.

Kafin ki bar masauki

Ki raba kuɗinki kashi uku tun a ɗaki. Kuɗin motar komawa, da na abin da ya kawo ki, ki bar su a wurin uwar masauki. Abin da kika yarda ki kashe shi kaɗai za ki ɗauka. In da katin banki kike tafiya, ki ƙara kula, domin kuɗin da hannu bai ƙirga ba zuciya ba ta jin zafin fitarsa. Kada kuma ki faɗa wa kowa lambobin sirrinki, ko da ya ce taimakonki zai yi.

Ki rubuta abin da kike so a takarda. In kuɗin maigida ne, ku yi magana tun a gida a kan abin da za a saya, don kada tsaraba ta zama sanadin ɓacin rai. Saƙon maƙwabta kuwa, kowace ta ba da kuɗinta tukuna. Ki ci abinci kafin ki fita, domin mai jin yunwa kome ya gani sai ya ba shi sha'awa, kuma farantin abinci guda a can yana iya cinye kuɗin cefanenki na yini biyu.

In kin shiga

A ƙofa masu gadi za su duba jakarki, wani lokaci su goga miki wata 'yar na'ura. Kowa ake yi wa, kada ki ɗauka raini ne. In namiji ne kuma ba ki so, ki nemi a kira mace. A wasu kantuna za a karɓi babbar jaka a ba ki lamba; ki cire kuɗi da waya kafin ki miƙa, ki kuma adana lambar.

Ki riƙe hannun yaranki. Tun a ƙofa ki nuna wa manyan cikinsu wuri guda ki ce, wanda ya ɓata ya dawo nan ya tsaya. In akwai matattakalar lantarki, wadda ke tafiya da kanta, ki tattare bakin zanenki da hijabinki kafin ki taka, domin haƙoranta kan kama tufa mai jan ƙasa. Ki kama maƙarin gefe, ki tsaya cak, in an iso ki ɗaga ƙafa ki sauka. In zuciyarki ba ta ba ki ba, ko kina da tsohon ciki, ko kina tare da tsohuwa, tambayi inda lif yake ko matattakala ta sosai. Mai tambaya ba ya ɓata. Haka nan ki tambayi wurin salla da bayan gida tun da wuri.

Kada ki buɗe abin da ba ki biya ba, kada ki bar yaro ya ɓare leda, kada ki sa kome a jakarki da niyyar za ki biya daga baya. Akwai kyamarori ko'ina, kuma wanda ke kallonsu bai san niyyarki ba. Abin da ya fashe a hannunki za a iya cewa ki biya. In za ki sayi abin ci ko na shafawa, ki duba ranar da zai lalace da lambar hukumar NAFDAC. Kina tafiya kina haɗa lissafi a ranki ko a waya. In kuma duk da haka kin iso wurin biya kuɗi bai kai ba, ki ce a cire kaza da kaza, kai a ɗage. Yarinyar da ke wurin tana ganin haka kullum, har daga masu manyan motoci. Ki karɓi rasit ki duba shi kafin ki matsa, kada ki yar, don akan nema a ƙofar fita.

Me ya cancanci saye?

Ki sayi abin da babu shi a gida, ko wanda kike tsoron jabunsa a kasuwa. Amma atamfa da leshi, in kina Kano, Kantin Kwari na nan, inda za ki taya a rage miki. Shinkafa kuwa, haba 'yar uwa! A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a 2015, a 2016 Legas ta haɗa hannu da Kebbi suka fito da shinkafar Lake, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Daga fadamarmu take tafiya birni. Haka albasar Aliero, haka busasshen kifinmu. In kin gan su a can cikin leda mai ƙyalli, ki duba kuɗin da aka sa musu, ki riƙe a ranki. Ke mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko yajin daddawa, ki tsaya ki dubi yadda aka ƙulle irin naki, yadda aka auna, yadda aka rubuta suna da rana. Wannan darasi kyauta ne, kuma ya fi kofi mai ruwan zinariya amfani.

Ga masu niyyar sauke farali

Alhazanmu da ke tashi daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello su ma wannan magana ta shafe su. Dab da Harami a Makka akwai dogon ginin nan mai agogo, kuma ƙasansa cike yake da kantuna hawa-hawa, ga zinariya, ga turare, ga dogayen riguna. Hajiya, ki tuna shekara nawa kika yi kina tara kuɗin kujera, da abin da ya kai ki. Guzurinki na ci da sha ne da larura har ranar dawowa. Jirgi kuma yana da iyakar nauyin da zai ɗaukar wa kowane mutum, abin da ya haura sai a bar shi a can ko a shiga wahala. Ki bar tsaraba sai kin gama ibada, ki saya daidai ƙarfinki.

Ku kuma 'yan makaranta

'Ya'yana, in an kai ku yawon buɗe ido ko kun je hutu, ku shiga da littafi da alƙalami. Ga lissafi a aikace: a ce ƙullin garin sabulu mai giram 500 naira 1,000 ne, mai kilo 1 kuma naira 2,300, wanne ya fi araha? Ƙanana biyu sun fi babban sauƙi da naira 300, ko da yake ido zai ce babban ne riba. Ku karanta ƙasar da aka yi kowane kaya, in kun koma ku neme ta a taswira. Ku dubi matan da ke aiki a wurin, masu lissafi, masu harhaɗa magunguna, masu kula da kanti, ku sani karatu ne ya kai su.

Kada ku ɗauki hoton mutane ba da izninsu ba. Kada ku rabu da ayarinku. In wani namiji da ba ku sani ba ya ce ku zaɓi abin da kuke so zai biya, ko ya nemi lambar waya, ku ce mun gode, ku koma wurin malama ko yayarku. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. In kun dawo gida kuma, kada in ji wata ta raina kasuwar garinsu ko tallar uwarta don ta ga daɓe mai ƙyalli. Da ribar wannan kasuwa aka biya mata kuɗin makaranta.

Gwaggo dai ta sāke zuwa Abuja bara, suna. Ta ce a kai ta wurin nan, aka kai ta. Da aka miƙo mata keke ta ce, "A'a ɗana, na gode, yau kallo na zo." Ta zagaya sa'a guda, ta hau matattakalar lantarki sau biyu, ta sayi askirim ɗaya ta zauna ta sha, ta dawo Argungu da kuɗinta a bakin zane.

Wadda ta taɓa irin wannan ziyara kuma tana da abin da za ta ƙara, ta rubuto mana, za mu buga don sauran 'yan uwa su amfana. Masu shirin tafiya kuma, a bi hanya da rana, a tafi cikin ayari. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a cikin abin da muke samu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.